Liyafar bankwana a mashaya: ofis ne ke sallama, ko ƴan teburin giya?

A ofisoshin Abuja da Legas, musamman bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje, idan ma'aikaci ya samu wani aikin zai tashi, akwai tsarin da aka saba. A buɗe zaure a WhatsApp ba da saninsa ba, a liƙa lambar asusun mutum ɗaya, a ce kowa ya tura abin da ya sawwaƙa. Ana saura kwana biyu sai sanarwa ta fito: ranar Juma'a, ƙarfe bakwai na yamma, a wuri kaza. Wurin kuwa sau tari mashaya ce, ko lambun shaƙatawa inda kifi ke kan wuta kwalabe na kan teburi, ko kuma sabon yayin nan, gidan abincin da ke dafa giyarsa da kansa. Daga nan sai uzurori su fara shigowa. Hajiyar sashen kuɗi yaronta ba ya jin daɗi. Malam mai kula da kwamfutoci zai yi baƙi daga Zariya. Kowa ya san babu yaron da ke kwance, babu baƙin da ke hanya, amma sai a bi su da fatan alheri a wuce wurin.

Ni a ganina wannan kuskure ne, kuma na masu shiryawa ne kafin na kowa. Duk taron da aka tara wa kuɗi da sunan ofis, wanda shugaban wurin zai tashi ya yi jawabi a cikinsa, a miƙa kyauta da sunan ma'aikata baki ɗaya, ya zama taron aiki ko da an yi shi bayan an tashi. Taron aiki kuwa ana yin sa ne inda kowane ma'aikaci zai iya zama ba tare da ya saɓa wa imaninsa ko ya yi ƙaryar rashin lafiyar ɗansa ba.

Shi wannan nau'in gidan da ake dafa giya a ciki a kuma sayar a ciki tare da abinci, daga Ingila da Amurka yayinsa ya taso. A Amurka an haramta giya daga 1920 zuwa 1933, kuma ko da aka ɗage haramcin manyan kamfanoni ne suka riƙe kasuwar. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutum damar dafa giya a gidansa, a 1982 aka buɗe irin wannan gida a garin Yakima na jihar Washington, sai abin ya bazu. A nan Najeriya ma kamfanin Bature Brewery ya fara a Abuja a 2017, yanzu yana da wurin zama a Legas. Wanda ya san gidan burukutu a Filato ko Kudancin Kaduna ba zai ga baƙon abu ba: tukunya a bayan gida, masu sha a gindin bishiya. An dai canja tukunyar da tankokin ƙarfe masu ƙyalli, an rubuta farashi a allo.

Ba sai an yi wa masu zaɓen irin wannan wuri mummunan zato ba. Akwai dogon teburi da zai ɗauki mutum ashirin, akwai abinci, ba a korar kowa da wuri, kuma ba sai an kama ɗakin taro a otal ba. A Ingila kuma al'ada ce mai tushe: ranar ƙarshe ta ma'aikaci a mashayar unguwa ake ƙare ta, kowa ya saya wa teburin zagaye ɗaya idan layi ya zo kansa. Likitocinmu da ma'aikatan jinya da suka tafi aiki asibitocin can sun san wannan tsaka-mai-wuya. Ga mai shirya taron, mashaya wuri ne na kowa da kowa, don haka ko a ransa bai kawo cewa ya ware wani ba. Alhali ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi a Ingila da Wales sun kai miliyan 3.9, wato kashi 6.5 cikin ɗari na jama'a, kuma su kansu Turawan sun fara sake lale. Kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan, wadda ta shahara da shan giya lokacin cin abincin rana, ta hana ma'aikatanta sha a lokutan aiki tun 2017.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "To ai ba wanda ya ce ka sha, ka zo ka sha maltina." Mai faɗin haka yana ganin ya yi adalci, domin a zatonsa matsalar a cikin kofin take. Ga Musulmi da yawa kuwa ta wuce kofin. Akwai hadisin da Tirmizi da Ahmad suka ruwaito wanda ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagaya giya a kansa, akwai kuma wanda ya ambaci mutum goma da aka la'anta a kanta, ciki har da mai sayenta da mai ɗaukarta da mai shayar da ita. Malamai sun yi bayani a kan bambancin zama a teburin da ake sha da shiga gidan abincin da wasu ke sha a nasu teburin, kuma fatawa ba aikin wannan shafi ba ne. Abin da ya shafe mu shi ne, mutumin da ya ƙi zuwa ba girman kai ne ya hana shi ba, kuma ba ƙyamar abokan aikinsa yake yi ba. Jiya da rana tare suka ci shinkafa a kwano ɗaya.

Sai maganar kuɗi, wadda aka fi jin kunyar tayarwa. Idan an tashi, mai hidima ya kawo takardar lissafi, wani ya ɗauki waya ya raba jimillar da adadin kawuna. Wanda ya sha lemo kwalba ɗaya da farfesun kifi ya biya daidai da wanda ya jera kwalabe shida a gabansa. Ko kuma a cire daga kuɗin da aka tara, wanda Hajiyar da ba ta zo ba ta riga ta tura nata tun ranar Litinin, da niyyar a saya wa mai tafiya agogo ko turmin shadda. Ta biya wa wasu kuɗin abin da addininta ya hana ta saya, ba a ma tambaye ta ba. Wannan ko a ma'aunin da ba na addini ba, cin haƙƙi ne.

Kuskure ne kuma a ɗauka Musulmi kaɗai abin ya shafa. Kiristoci da yawa ba sa kusantar giya, duk wanda ya zauna da ƴan cocin ECWA ko na Deeper Life ya san haka. Ga mai juna biyu, ga mai hawan jini da likita ya ja wa kunne, ga wanda ya sha wahala kafin ya rabu da shaye-shaye kuma ba ya son kowa a ofis ya san tarihinsa. Matar auren da ke zaune a Kubwa ko Mararaba da ke gefen Abuja, taron da za a fara ƙarfe bakwai a tsakiyar gari ya riga ya cire ta ko da zoɓo za a sha.

Hujja mafi ƙarfi da ɗaya ɓangaren ke da ita ita ce ranar ta mai tafiya ce. Idan shi mai sha ne, wurin nan ne ya saba zuwa, kuma shi ya ce a can yake so, don me mutum uku za su hana mutum goma sha bakwai? Maganar tana da nauyi, kuma ban yarda da masu son a mayar da kowane ofis masallaci ba. Mutum yana da ikon ya gayyaci abokansa inda ya ga dama, da kuɗinsa ko da nasu. Sai dai abu biyu ne aka cakuɗa. Akwai sallamar ofis, akwai fitar abokai. Ta farko a yi ta da rana, a ɗakin taro ko gidan abincin da ba a kawo giya teburi, a yi jawabi, a ba da kyauta, a ɗauki hoto, kowa na nan. Bayan an tashi, masu zuwa mashaya ga hanya nan, kowa da aljihunsa. Mai tafiyar bai rasa komai ba, ya ma samu biyu.

Wannan ma'aunin yana hawa kanmu a inda mu ne masu rinjaye. A ofishin Kano ko Sakkwato ko Gusau, inda dokar jiha ta hana sayar da giya a fili tun bayan dawo da shari'a a farkon shekarun 2000, ba a fuskantar matsalar mashaya, amma ana yin irin wannan wariyar ta wata fuskar. A sa walima ranar Lahadi da safe lokacin da abokin aiki Kirista yake coci. A yi taron daga farko har ƙarshe da Hausa alhali akwai ƴar bautar ƙasa daga Enugu da ba ta jin ko "sannu". Ko a shirya cin balangu da dare a majalisar maza, matan ofis su ga hotuna da safe. Wanda ya ji zafin a bar shi a baya a Legas bai kamata ya bar wani a baya a Kano ba.

Mu ma masu ƙin zuwan muna da namu laifin, kuma shi ne shirun nan. Ana neman ƴan kwamitin shiri, ba ma shiga. Ana tambayar ina za a je, ba ma magana. Sai an kama wuri an biya kafin alƙalami, sannan mu ƙirƙiro baƙi daga Zariya, mu koma gefe muna cewa ana nuna mana bambanci. Mutumin da ya taso a Fatakwal ko Manchester ba lallai ne ya san hukuncin zama a teburin giya ba, kuma ba zai taɓa sani ba muddin uzurin ƙarya muke ba shi. Jimla ɗaya ta isa, a faɗe ta tun ranar da aka buɗe zauren: "Oga, ina son a yi da ni, amma ba na zama inda ake shan giya, ko za mu yi na ofis da rana?" Mafi yawan mutane idan aka gaya musu haka cikin mutunci sukan karɓa. Wanda ya ƙi kuma, ka san matsayinka a wurinsa.

Akwai kuma abin da hayaniyar mashaya ba ta barin a yi, wanda a wurinmu shi ne bankwanar. Bahaushe ba ya barin wurin da ya yi shekaru sai ya nemi gafara. Ya tashi tsaye ya ce, "Zama tare ya gaji saɓani, wanda na ɓata wa da sanina ko ba da sanina ba ya yafe mini, ni na yafe wa kowa." A amsa masa da "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na ga inda mutum biyu da suka yi shekara ba sa gaisawa saboda rigimar kuɗin tafiya suka yi musabaha a irin wannan tsayuwar, masinja da direba na kallo. A nan ne ma'ajin adashin ofis ke tuna wa mai tafiya cewa ya yi kwasa saura zubi uku, a daidaita yadda zai riƙa turowa. A nan ne mai shara, wadda ba ta cikin zauren WhatsApp ɗin tun farko, take samun damar cewa Allah ya sa can ta fi nan. Sabo ake yi wa kuka, kuma ita ma ta saba da shi. Da wuya a yi wannan ana ɗaga murya sama da kiɗa, rabin teburin ya fara layi.

Saura abu ɗaya wanda raba taron gida biyu bai magance ba. Masanin zamantakewa na Amurka Mark Granovetter ya nuna tun 1973, daga binciken da ya yi a garin Newton kusa da Boston, cewa cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani, mafi yawansu ba ta hannun aminai suka samu ba, ta hannun mutanen da suke haɗuwa da su jefi-jefi ne. Abokin aikin da ya koma wani kamfani gobe irin wannan mutumin zai zama, shi ne zai kira ka idan gurbi ya buɗe a can. Sannan kujerar da ya bari a nan, a daren ne ake fara raɗe-raɗin wanda zai hau ta. Idan oga ya yi jawabinsa na minti biyar da rana, ya je ya yi awa uku a mashaya da rabin ma'aikatansa, to ainihin taron can aka yi shi, Hajiya da Malam hoto kawai suka samu.

Ɓangaren farko na wannan yana hannun ma'aikacin da kansa. Zumunta a ƙafa take: karɓi lambar mai tafiya, kai masa ziyara sabon ofishinsa, gayyace shi shan shayi ko cin tsire, kada ka bari rashin zuwanka dare ɗaya ya yanke igiyar. Na biyun kuwa nauyin shugaba ne, kuma babu mai ɗauke masa. In yana sha, ba wanda ya hana shi zuwa. Amma maganar wa zai gaji kujerar, wa za a tura kwas, wa za a ba riƙon sashen kafin a naɗa wani, ya bar ta sai ranar Litinin, a liƙa sanarwar gurbin inda kowa zai gani, a kira masu sha'awa ɗaya bayan ɗaya a ofis, ƙofa a buɗe.