Yaɓen da gwamnati ke biya

Ranar da na fara zuwa Fort Union, a nan jihar Niyu Meksiko ta Amurka inda nake zaune, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya fara tarbata. Mutane na gani suna kwaɓa laka, suna ɗiba suna mannawa a jikin tsofaffin katangu. Yaɓe ne sak, irin wanda na tashi ina gani a lungunan Kano kafin damina ta sauka.

Wurin tsohon sansanin soja ne. An kafa shi a 1851, sojoji suka tashi a 1891, rufi ya tafi, saura kangaye na tubalin ƙasa. Hukumar da ke kula da gandaye da wuraren tarihi na Amurka, wadda aka kafa a 1916, ita ke riƙe da shi. Duk shekara takan ɗauki ma'aikata na ɗan lokaci, kamar 'yan ci-rani, a ƙa'ida aikin ba ya wuce awa 1,039, wato kusan wata shida. Su yi wa katangu sabuwar riga ta laka, ruwa da iska su cinye rigar, tubalin asali ya tsira. Baɗi a sake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba katangar ba ce. Filin ne. Akwai sawun amalanken fatake na hanyar Santa Fe, wadda aka buɗe a 1821, har yau ga shi kwance cikin ciyawa. Masu ilimin tsara fili suna auna shi, su zana taswira, su tsayar da inda baƙo zai taka. A wurinsu sawun nan, da ciyawar, da sararin da ido ke hangowa, duk tarihi ne.

Mu kuwa a Kano ƙofar ganuwa muke gani. A gyara ta da siminti, a shafa fenti, shi ke nan an raya tarihi. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12 kuma ana yankarta ana yin filoti, kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin birni ana cike su da shara. Ai kududdufin da badalar abu ɗaya ne: daga nan aka ɗebo, can aka ɗora, kuma nan ruwan damina ke komawa. Wannan yana ci mini rai matuƙa.

Ba na cewa tsarinsu ba shi da aibu. Mutum ya ƙware, sanyi ya shigo a sallame shi, wani ba ya dawowa. Ta nan mun fi su, domin gini a wurinmu gado ne, har da sarautar Sarkin Magina. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da hannun magina irin waɗannan take tsaye.

Gwanaye muna da su. Kasafin da zai kira su duk rani ne babu. Da za a raba ganuwar Kano gunduwa-gunduwa, daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Dukawuya misali, a damƙa wa magina da yaransu, a biya su daga kaka zuwa bazara, a kuma shata filin da ba mai kafa bulo a gindinta, da mun fara a inda ya kamata.