Daga gonar auduga zuwa lemar POS

Duk wanda ya biyo ta Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina da hantsi zai gani da idonsa, lema bayan lema ta masu POS, ga mai cajin waya, ga mai saida data, ga 'yan Keke Napep sun cika titi su uku suna rububin fasinja ɗaya. Kuma yawanci matasa ne, wasu ma da digirinsu na jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a aljihu. Neman halak ne ba wanda ya raina, amma fa ba nan iyayenmu suka ci abinci ba.

A da auduga ce ke riƙe da kudancin jihar nan. Manomi a Funtua ko Bakori ko Malumfashi ya noma, a kai injin gurza, daga nan sai masaƙa, ta Funtua ko manyan na Kaduna irin su UNTL da Arewa, kafin yadi ya iso hannun tela gida nawa ya ciyar? Masu awo, 'yan dako, direbobi, har mai tuwo-tuwo a bakin get. Sai rashin wuta da atamfar Chana da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya suka durƙusar da masaƙun, UNTL ta rufe a 2007, manomi ya ga ba mai saye ya koma masara da waken suya.

Ana cikin haka 'yan bindiga suka raba mutanen Batsari, Safana da Faskari da gonakinsu. Rufe boda a 2019 da 2023 kuma ya karya 'yan kasuwar Jibiya da Kongolam.

To abin da ke damuna shi ne, a wasu ƙasashen in mutum ya bar gona masana'anta yake shiga, namu kuwa titi ya faɗo. Kuɗin POS da na Keke zagaye kawai suke tsakaninmu, shi ya sa in albashi ya yi jinkiri kowa sai ya ji a jikinsa. Don haka wallahi ban ga hikimar 'yan siyasa su yi ta rabon Keke da sunan tallafi ba, ƙara cunkoso ne a sana'ar da ta riga ta cika. A tsare daji manomi ya koma gona, a ba shi iri mai kyau, a ba injin gurza da masaƙa wuta.

Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi nan ana yi, zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya. Ya kamata tun yanzu gwamnatin jiha ta faɗa mana me Katsina za ta riƙa lodawa a cikinsa.