Ƙarin girman malaman karkara da tarkon da ke cikinsa

Duk wanda ya san yadda ake rabon malamai a jihar Sakkwato ya san makarantun cikin birni ba sa rasa masu son zuwa, alhali akwai firamare a ƙauyukan Gudu, Tangaza ko Kebbe da malami ɗaya ko biyu ke riƙe da aji shida. A gabashin jihar kuwa, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, tsoron 'yan bindiga ya sa kowane malami neman a sauya masa wurin aiki. Don haka shawarar a hanzarta wa malamin karkara ƙarin girma, ya hau mataki kafin shekara ukun da ma'aikacin da ke matakin albashi na 7 zuwa 14 ke jira, adalci ce, kuma ina goyon bayanta.

A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi alƙawarin alawus da gidaje masu rahusa ga masu koyarwa a karkara, da mayar da shekarun ritaya 65. Na ritayar ya zama doka a 2022. Sai dai albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), saboda haka abin da aka furta a Abuja ba ya shiga aljihun malami sai jiha ta yarda ta biya. Takardar ƙarin girma da ba ta sauya albashi ba, malami ya ajiye ta a akwati shekara da shekaru yana jiran ariyas, ba za ta zaunar da kowa a ƙauye ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu uwa a gindin murhu. Da zarar aikin ƙauye ya zama hanyar hawa mataki, za a samu waɗanda sunansu ke rajistar makarantar karkara, su kuwa suna zaune a Sakkwato, ba sa leƙawa sai ranar tantance ma'aikata. Su ne za su kwashe romon, wanda ke kwana a ɗakin da hakimi ya ara masa yana hawa babur cikin laka da damina kuma a bar shi a baya. Dole shaidar zama ta fito daga kwamitin iyaye da masu unguwa, waɗanda suka san wanda ke zuwa da safe.

Akwai kuma illar da ba a cika faɗa ba. A tsarinmu, malamin da ya yi sama fita yake daga aji, ya zama hedimasta ko a kira shi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ƙauyen ya rasa gwaninsa daidai lokacin da ya ƙware. Kamata ya yi matakin albashinsa ya tashi yana nan riƙe da alli, kuma a sharɗanta masa cika wasu shekaru a makarantar kafin ya nemi sauyin wurin aiki.