Ku bar wa tsohuwar Fijo ƙafafunta

Jama'a, yau maganata a kan tsofaffin motoci ce, musamman Fijo 504, kuma na san wasu abokaina na Barnawa da Unguwar Rimi ba za su ji daɗinta ba. Duk wanda Allah Ya ba tsohuwar Fijo a garin nan, don Allah ya bar mata rim ɗinta na ƙarfe da ta zo da shi. Wannan yayi da ya shigo na cire rim mai inci 14 a ɗaura ƙaton aloyi, wato rim na alminiyon, mai inci 17 da siririyar taya ba gyara ba ne, ɓarna ce, kuma ɓarnar da ake biyan kuɗi a yi.

Da a wani gari ake yin haka, da na yi shiru. Amma Kaduna fa? A nan Kakuri aka haɗa motar nan. Tun 1975, zamanin Gowon, kamfanin Peugeot ya fara fitar da motoci daga nan, aka haɗa 404 da 504, sannan 505. A Faransa an fito da 504 a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, suka daina yin ta a can a 1983. Mu kuwa muka ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, lokacin da ake kiran ta Bestline. Da wuya ka sami tsohon gida a Kakuri ko Makera ko Nasarawa da babu wanda ya taɓa cin abinci ta dalilin wannan kamfani, ko uba ko kawu ko maƙwabci. Bayan kisan Janar Murtala a cikin Marsandi a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, Fijo ta zama motar manyan jami'ai. Ita ce motar Famsak, wato babban sakataren ma'aikata, ita ce motar ɗaukar amarya, wagon ɗinta ce ke lodi a tashar Kawo zuwa Zariya da Kano, a-kori-kurarta ce ke kwaso masara daga Saminaka. Motar da ke da wannan tarihi a garinmu bai kamata a mayar da ita abin wasan yara ba.

To amma a ajiye tarihi a gefe, a zo kan ƙarfe, don a nan hujjata take.

Rim ɗin 504 huji huɗu gare shi, kuma hujojin suna kan da'ira mai faɗin milimita 140. Haka na 505 yake. Wannan ma'auni ya kusa ɓacewa daga duniya. Fijo na baya-bayan nan, irin su 406 da 307, nasu 108 ne, yawancin ƙananan motocin Japan kuma 100 ko 114. Ma'ana, kusan duk aloyin da ka gani an jera ana sayarwa a bakin titi ba zai shiga ƙafar 504 ba. Ta yaya kenan ake ɗaura shi? Ko dai a kai wa mai injin huji ya sake huda rim ɗin, ko a ƙera wani faifan ƙarfe a sa tsakanin rim da ƙafar mota. Ba na raina mutanen Panteka, wallahi babu abin da ba za su iya ƙerawa ba in ka kai musu samfuri. Amma faifan da aka yanka da ƙiyasin ido, aka ɗaure da notin da ba a san ƙarfinsa ba, shi ne zai riƙe ƙafar motar da za ka hau hanyar Zariya da ita kana gudun ɗari da ashirin, iyalinka a baya. Ga shi faifan yana turo tayar waje, nauyi ya koma inda ba a tsara masa ba, boris ya fara kuka. Sai mai mota ya ce Fijo ta tsufa.

Sai ita tayar. Wadda aka saba sa wa 504, irin 175 a kan inci 14, tsayin gefenta daga bakin rim zuwa ƙasa ya kai wajen milimita 140. Wadda ake ɗaurawa a kan inci 17, misali 205/45, gefenta wajen milimita 92 ne kawai. Waccan robar da aka rage ita ce matakin farko da ke shanye duka kafin ya kai ga shokazoba. Kowa ya san abin da aka san 504 da shi: ka shiga rami ka fita ba ka zubar da kokon da ke hannunka ba. Ƙafafunta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, cikinta a ɗage yake, kujerunta masu laushi. Da wannan ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, da wannan ta yi suna daga nan har Kamaru da Nijar. Ka cire mata wannan laushi ka ga me ya rage. Gaskiya ne an gyara tituna da yawa a cikin gari a 'yan shekarun nan, Ali Akilu da gadar Kawo ba kamar da ba. Amma ai ba a kan Ali Akilu kowa ke kwana ba. Shiga lungunan Rigasa ko Hayin Banki a watan Agusta ka ba ni labari. Rim na ƙarfe in ya daki rami lanƙwasa yake yi, mai faci ya sa guduma ya miƙar da shi ka wuce. Aloyi tsagewa yake yi, kuma aloyin da aka yi wa walda ni dai ba zan sa shi a ƙafar gaba ba ko kyauta aka ba ni.

Akwai kuma sitiyari. Da yawa daga cikin 504 ɗin da ke hannun mutane ba su da fawa, ƙarfin damtse ne ke juya su. Da siririyar tayarta ta asali ba ka jin nauyin sosai. Sa mata mai faɗin 205 ka je ka yi fakin a Kasuwar Barci, ranar za ka san kana da kafaɗa.

Ɗan yayata, wanda ke karatu a Kadpoly, ya taɓa zagaya tawa yana kallon ƙafafun, ya ce, "Kawu, wallahi da za ka sa mata aloyi baƙi ka ɗan sauke ta ƙasa, da duk garin nan babu kamarta." Na ce masa ya tsuguna ya dubi wilkaf ɗin, wato murfin da ke rufe rim. Ya tsuguna. Farin ƙarfe ne mai sheƙi, gefe ɗaya ya ɗan loɓa inda wani mai faci ya taɓa sa ƙarfe ya ɓamɓare shi da gaggawa, ga ƙurar jan ƙasa ta maƙale a kewayen bakinsa. Na ce, "Wannan da kake gani, ka je kasuwar kayan gyaran mota ta Ori-Apata ka nemo mini guda huɗu irinsa masu lafiya, in ka samu ni zan saya maka aloyin ka sa a duk motar da ka ga dama." Har yau bai kawo ba. Aloyi kuwa ko yanzu ka fita za ka cika a-kori-kura da shi.

Kada a ce na tsani aloyi ne gaba ɗaya. Marsandi ta fito da wasu W123 ɗinta, wadda muke ce wa fulat-but, da aloyi na kamfani mai inci 14, kuma ya dace da ita ƙwarai, duk da ni na fi son wilkaf ɗin nan da ake fentawa kalar jikin motar. Marsandin da ta biyo ta, Bi-but, ma haka. Wasu 505 sun zo da nasu. Wanda injiniyan da ya zana motar ya auna ya sa, ba ni da ja a kansa. Kuma na yarda, motar mutum kuɗinsa ce, ba wanda zai kai shi kotu. Ni ma ra'ayina nake faɗa a shafina.

Yanzu bari in taɓo ɗaya ƙorafin, wanda ake jefa mana kullum: wai tsohuwar mota gidan wahala ce, kullum kana gareji. Akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Amma in ka bi diddigin yawancin matsalolin, za ka tarar hannun mutum ne ya jawo su.

Ɗauki zafin inji. Injin 504 gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, tof silinda kuma alminiyon, ga silif da ake iya zarewa a sauya. Inji ne da aka yi shi don a riƙa buɗewa ana gyarawa. Abin da ba ya yafewa shi ne zafi. Mu kuma me muke yi? Ranar da mota ta shigo hannu, abin da bakanike zai fara cewa shi ne a cire tamostat, abin nan da ke daidaita zafin inji, wai na ƙasar sanyi ne. Sannan a riƙa ɗura wa lagireto ruwan rijiya ko na leda shekara da shekaru, babu ruwan sanyaya inji ko ɗigo. Ruwan nan yana cin alminiyon a hankali, yana toshe hanyoyin lagireto da tsatsa. Wata rana a cikin zafin Afrilu, a go-sulo na Kasuwa, allura ta haura, gasket ya ƙone, tof ya karkace. Sai a kai a goge shi, a sake gogewa, har ya zama ba ya gyaruwa. Laifin wa?

Kafireta ma haka. Akwai wani dattijo da nake kai wa tawa, wanda ya koyi aiki tun Fijo tana sabuwa. Ba ya tambayar ka abin da ke damun ta. Zai ce, "Alhaji, tayar da ita." Ya buɗe bonet, ya jingina da gefe, ya karkata kai yana saurare, ɗan sukundireba a hannu. Ya murɗa kaɗan, ya jira, ya mayar rabin abin da ya murɗa. Ka ji injin ya daina rawa ya kwanta. Kwantak kuwa, mai ba fulogi wuta, da ɗan guntun kwali yake goge bakinsa kafin ya saita. In na ce, "Baba, nawa zan bayar?" sai ya ce in kawo abin da ya sauwaƙa. Irin su ƙarewa suke yi, kuma wannan ya fi rashin kayan gyara tayar mini da hankali. Yaran da ke tasowa a gareji yanzu sun iya jona kwamfuta su karanto lambar matsala, kuma ba laifinsu ba ne, motocin da ke kawo musu abinci kenan. Amma ka kai musu motar da ba ta da inda za a jona komai, sai su fara sauya kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗinka har Allah Ya sa a dace.

Kayan gyaran kansu ana samu, sai dai ka iya zaɓe. Kwantak da kwandansa na jabu sun cika kasuwa, kwali mai kyau, abin ciki ba ya kai wata biyu. Sau da yawa tsohon na asali da aka kwance daga wata motar ya fi sabon da ke cikin leda. Duk wani abu na roba kuwa, tiyon birki, tiyon mai, bushin, shekaru ne ke kashe shi ko motar ba ta motsa ba, don haka wanda ya sayi tsohuwar mota ya fara da su kafin ya yi maganar fenti. Ya kuma ɗaga kafet ya duba ƙasan ƙafar direba da rijiyar but. Damunar Kaduna ba ta wasa, ruwa yana bi ta tsohuwar robar gilashi ya kwanta a nan, tsatsa ta ci daga ciki alhali waje yana ƙyalli.

Taya mai inci 14 ta ƙaramar mota ta fara wuya, wannan ita ce hujja ɗaya ta masu aloyi da nake saurara. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta bi bayanta a 2008, duk tayar da muke takawa daga waje take zuwa. Abin da ya fi yawa a inci 14 yanzu shi ne na bas, mai harafin C a ƙarshen lambarta. Tana shiga, tana da ƙarko, amma tauri gare ta, don kaya aka yi ta. In ka nace za ka sami ta ƙaramar mota. Ka dai duba lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Kuma ka guji 'yar Beljiyam mai hoton dutse da ƙanƙara a jiki, ta lokacin sanyin Turai ce, kwaltarmu narkar da ita take yi.

Mai kam tana sha. Tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 na rage fita da ita, sai Juma'a da ranakun biki. Ba ta da jakar iska, ba ta da birkin zamani mai hana taya kullewa, shi ya sa ba na yarda yaro ya ɗauke ta. Masu cire injinta su sa na Toyota na fahimci dalilinsu, aljihu ne, amma ranar da na ji ƙarar wani inji daban a ƙarƙashin wannan bonet, to a sayar kawai.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda suke ƙarewa a idonmu. Mai gida ya rasu, mota ta zauna a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tayoyi su sace, kaji su mayar da ita akurki, magada su gaji da ganinta. Sai 'yan gwangwan su zo da sikeli da wutar yanka, a sayar da ita a kan kilo. Rim huɗu da wilkaf da fitilun gaba da babu mai sake ƙera su, duk a tafi da su a narkar. Waɗanda kuka riga kuka sa aloyi, na roƙe ku ko da wannan kaɗai: kada ku ba mai kura tsofaffin rim ɗin, ku shafa musu baƙin mai ku jingine a sito, mai sayen motar nan gaba zai neme su. Wanda kuma ya san gidan da aka jingine 504 ko 404 a Tudun Wada, Kabala, Sabon Tasha ko ma Zariya, kuma masu ita suna tunanin rabuwa da ita, ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Ko ba ta tashi, ina so in gani.