An rufe gidan mari, to ina za mu kai su?

Ranar da autanmu ya same ni a zaure ya ce, "Yaya, ka kai ni asibiti, na gaji," wallahi na ɗauka wahala ta ƙare. Shekara huɗu muna fama da shan ƙwayarsa. Inna ta yi kuka har ta gaji, an sha rubutu, na yi faɗa, har hannu na sa masa, Allah ya yafe mini. Yau ga shi da bakinsa yana neman magani. Ashe ranar ce aka buɗe mana sabon shafin wulaƙanci.

Yaron nan lebura ne, magina yake bi. Wani abokin aikinsa ya fara ba shi tiramol don ya iya ɗaukar bulo tun safe har la'asar bai ji a jikinsa ba. Daga ƙwaya ɗaya aka koma huɗu, kuma ba irin ta asibiti mai 50 ko 100 ba, mai 225 ɗin nan da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. Sau biyu yana faɗuwa a tsakar gida yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, Inna tana salati a kansa.

Na fara kai shi wani asibiti a nan Daura. Wanda muka tarar ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗaga murya a gaban mata da yara ya ce, "Ɗan ƙwaya ne? Ai ba nan ake kawo su ba." Yaron ya sunkuyar da kai, ni kuma na haɗiye abin da ya taso mini. Washegari muka kama hanyar Katsina, kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, a wannan tsadar man. Muka yini kan benci. Da la'asar aka ce babu gado, mu dawo bayan mako biyu. Mako biyu! Wani ya ce mu gwada asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, wani ya ce Barnawa a Kaduna, wani ya ce Kware can Sakkwato, kamar jirgi gare ni. Wurin kuɗi da aka kwatanta mini kuwa, abin da suka ce in ajiye kafin a karɓe shi ya fi cinikin shagona na wata uku.

Duk wanda ya ce a jira mako biyu bai taɓa kwana da mai ƙoƙarin barin ƙwaya ba. Ni na kwana. Zufa tana karyo masa yana rawar ɗari, ga hamma, ga majina, ga gudawa, gaɓoɓinsa suna ciwo har yana cizon filo. Dare uku bai runtsa ba. A dare na huɗu ya haura katanga. Tafiyar minti biyar ce daga ƙofarmu zuwa wurin mai sayarwa, ba layi, ba kati, ba "dawo jibi". Mai guba har bashi yake bayarwa, mai magani kuwa sai kuɗi hannu.

Da maƙwabta suka ji, sai aka fara ba ni shawarar da na san za a ba ni: a nemi inda ake ɗaure su. Mu mutanen Daura za a gaya wa gidan mari? A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka fito da mutum 67 daga irin wannan gida a garin nan, da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, makonni kaɗan bayan an bankaɗo na Rigasa a Kaduna. Duniya ta yi Allah wadai, kuma rufewar daidai ce, ban da ja. Amma an taɓa tsayawa an tambayi dalilin da ya sa uwa za ta kai ɗan da ta haifa a sa masa mari, har ta riƙa biyan kuɗi? Ba mugunta ba ce, rashin wurin zuwa ne. An rufe ƙofar azaba, to wacce aka buɗe a madadinta?

Kuma kada a ce ba a san girman abin ba. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 suna shaye-shaye, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suke sha, kuma a duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Wannan na ƙarshen ya fi tsaya mini a rai. Ni namiji da ƙanena namiji mun sha wannan kunyar, ina ga matar aure da ke shan kodin a ƙuryar ɗaki? Wa za ta gaya wa, a wane ɗakin asibiti za a kwantar da ita asirinta a rufe?

A watan Mayun 2018 an hana shigowa da maganin tari mai kodin da haɗa shi. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi kullum tana kame, ana tara kaya ana banka musu wuta a gaban kyamara. Madalla, a ci gaba. Sai dai ƙona kwali ba ya cire ƙwaya daga jinin wanda ta riga ta kama. A Janairun 2023 Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ni dai a kan bencin da na yini ban ga alamarta ba.

Mene ne wahalar a ware ɗaki biyu a kowane babban asibiti, a horar da nas-nas yadda za su riƙe mutum a kwanakin farko masu zafi, a koya wa na bakin ƙofa cewa wanda ya kawo kansa mara lafiya ne ba ɓarawo ba? Ana yi wa tarin fuka da ƙanjamau, magani kyauta, ana bibiyar mutum. Wannan ciwon ne kaɗai sai mai hali?

Daga ƙarshe tumakin Inna biyu muka sayar, aka kwantar da shi mako shida. Ya fito ya yi ƙiba, idonsa ya washe. Aka miƙo mana takardar magani aka ce Allah ya kiyaye gaba. Ba wanda ya ƙara waiwayarsa, ba sana'a, ba mai zama ya yi magana da shi. Maganin ma na zaga kemis huɗu a Daura ban samu ba, sai saƙo na bayar aka sayo daga Katsina. Magina sun daina ɗaukarsa, tsofaffin abokan kuwa tun ranar da ya dawo suke fito a bayan katanga.

Ranar Alhamis za mu koma ganin likita, har yanzu kuɗin motar bai haɗu ba. Ni kuma yau kwana 19 ke nan ina shimfiɗa tabarmata a bakin zaure, makulli a aljihuna.