Wadda ta yi yaji da tsakar dare, ina za ta kwana?

Wajen ƙarfe ɗaya na dare ne, cikin sanyin hunturu, aka buga ƙofar gidanmu da ke cikin birnin Katsina. Maƙwabciyarmu ce, goye da yaro, ƙafa ba takalmi, leɓenta ya kumbura har magana ba ta fita sosai. Inna ba ta tambaye ta komai ba. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta ɗora ruwan zafi ta gasa mata fuska, ta ce, "Kwanta 'yar nan, Allah ya kai mu safiya." Da gari ya waye mijin ya aiko ƙanensa biko, dattawa suka zauna a zaure, kafin azahar an mayar da ita ɗakinta. Guzurin da aka ba ta shi ne, "Ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne." Shi kuwa ba wanda ya ce masa kanzil. Bayan wata biyu ta sake buga ƙofar nan, wannan karon hannunta na dama ba ya ɗaguwa.

Shekaru sun wuce, amma duk lokacin da na ji ana taro a otal kan cin zarafin mata, tabarmar Inna nake tunawa. Ita ce mafakar da matan ƙasar nan suka sani. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka, kuma fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu, kashi 55, ba su taɓa neman taimakon kowa ba. Waɗanda suka nema ma, yawanci gida suka nufa. Saboda haka duk mai son taimaka wa matar da ake duka a Katsina, ya fara da inda take zuwa da ƙafarta: gidan uba, ɗakin maƙwabciya, zauren mai unguwa, ƙofar liman, shagon mai kemis.

Ba na cikin masu cewa yaji da biko tsohon yayi ne. Hikima ce babba. Mace ta fita daga inda ake cutar da ita ba tare da igiyar aurenta ta tsinke ba, namiji ya sauke girman kai ya zo gaban surukai. Inda muka ɓata abin shi ne da muka cire masa haƙora. Biko ya koma gaisuwa da goro. Ba a duba jikin matar, ba a jin ta bakinta ita kaɗai, ba a gindaya wa mijin sharaɗi, ba kuma mai komawa bayan mako guda ya leƙa ya ga yadda take. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Mutum biyu ke nan, kowa da wanda yake tsaya wa. A zaurukanmu sau da yawa duka biyun wakilan "kada a ji kanmu" ne.

Malamanmu sun san abin da ke cikin littattafai. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, matar da ta tabbatar da cutarwa tana da haƙƙin alƙali ya raba auren, ba sai ta fanshi kanta da khul'i ba. Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace da hannunsa ba. Mata nawa ne a Rimi ko Mashi suka taɓa jin wannan hukuncin na Malikiyya daga bakin mai wa'azi? Da za a riƙa faɗar sa a huɗubar Juma'a yadda ake faɗar haƙƙin miji a wajen walima, da hannaye da yawa sun sauka.

Doka ma akwai. Dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP, ta samu sa hannu a Abuja a 2015. Ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga wanda ya doki abokin aurensa, ta haramta korar mace daga gida da ƙarfi, ta kuma ba kotu ikon bayar da umarnin kariya da zai hana mai duka kusantar wadda yake duka. Katsina na cikin jihohin da suka makara wajen yin irin wannan doka tasu, sai a ƙarshen 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya sa wa ta jiha hannu. An yi abin kirki. Sai dai jiha ce mai ƙananan hukumomi 34, kuma matar da ke wani ƙauye a Baure ba za ta yi kuɗin mota zuwa ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ko na lauyoyi mata a Katsina ba, ko da ta san da su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matan da ba su da gidan uban da za su yi yaji zuwa gare shi. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa da Faskari. Dubban iyalai sun kwararo birni suna zaune a kangaye da ɗakunan haya, iyaye a wani gari, 'yan uwa a warwatse. Maigida ya rasa gona, ya rasa shanu, baƙin cikin ya ƙare a jikin wadda ke kusa da shi. Wannan baiwar Allah ba ta san kowa a layin ba, balle ta san ƙofar da za ta buga da dare. Tsarin da muka gada ya dogara ne da dangi, ita kuma dangin ne aka raba ta da su.

Don haka nake ganin kowace gunduma na bukatar gida amintacce da mace za ta kwana biyu ko uku da 'ya'yanta, a hannun dattijuwar da unguwa ta yarda da ita, da sanin hakimi. Na san abin da za a ce: za a buɗe wa mata ƙofar kashe aure. Wannan tsoron na fahimce shi, domin mun ga wahalar zawarci da ta 'ya'yan da aka raba da uwa. Amma auren da ake karya hannu a cikinsa ba gidan kwana uku ne zai kashe shi ba. Hasali ma wurin da za ta huce, a yi mata magani, a kira waliyyinta, ya fi ba sulhu damar ɗorewa a kan a tura ta ɗaki jini bai bushe ba.

Sauran aikin ba ya cin kuɗi da yawa. Masarautun Katsina da Daura suna da masu unguwanni a kowane lungu, Hisba na da mata a cikinta, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da makarantun Islamiyya na matan aure sun shiga gidajen da jami'in gwamnati ba zai taɓa shiga ba. A koya musu abu kaɗan. Duk bikon da duka ya jawo, mace ce za ta fara jin ta bakin matar a keɓe. In akwai rauni, asibiti tukuna, a rubuta abin da aka gani, domin takardar nan ce hujjarta gaban alƙali gobe. Mijin ya ɗauki alkawari a rubuce gaban mai unguwa da shaidu. In ya maimaita, maganar ta bar zaure ta tafi kotu, kuma mai unguwa ne da kansa zai raka ta.

Maƙwabciyar tamu a ƙarshe wanta ne ya zo daga ƙauye ya tafi da ita. Hannun ya ɗore a karkace, don mai ɗori aka kai ta a ɓoye bayan kwana huɗu. Har yau da hagu take tuƙa tuwo.