Masu sayar da laƙani a waya da yaran da suke rufe shagunansu

Duk wanda yake unguwarmu ya san abin da ya sami yaron nan tela a makon jiya, saboda haka ba sai na maimaita labarin ba, kuma ba zan ambaci sunansa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutane suka yi ta cewa tsautsayi ne. Yaro ya tura kuɗin da yake tarawa na gyaran keken ɗinki ga wani da bai taɓa gani ba sai a TikTok, aka turo masa hoton hatimi da wasu sunaye da ba ya iya karantawa, aka ce ya shiga halwa kwana bakwai, ya bar cin duk abu mai rai, ya yi ta ƙona turare har rauhani ya bayyana masa. Ya fito ba ya barci, yana firgita da inuwarsa. Wanda ya karɓi kafin alƙalamin nan ya zalunce shi, mu kuma da muka bar irin wannan ciniki ya zama ruwan dare muna da namu kason na laifi.

Ni ba na cikin masu cewa a jefar da carbi. Na tashi a gidan da mahaifina yake jan lazimi safe da yamma: istigfari ƙafa 100, salati 100, hailala 100, sannan ya ɗauki buhunsa ya tafi kasuwa. Bayan magariba ya je zawiya a yi wazifa, ranar Juma'a bayan la'asar a zauna zikiri har rana ta faɗi. Ban taɓa ganin wuridi ya hana shi buɗe rumfa ba, ko sau ɗaya. Haka aka tsara abin tun daga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a birnin Fas a 1815: adadi ƙayyadadde wanda manomi da ɗan kasuwa da mai goyo za su iya ɗauka, kuma ba a fara shi sai da izinin muƙaddami wanda ya san ka, ya san gidanku. 'Yan Ƙadiriyya ma da nasu tsarin, kuma wanda ba ya bin wata ɗarika yana da azkar ɗin safiya da maraice. Duk waɗannan an yi su ne domin su zauna tare da sana'a da iyali.

Masu sayar da sirri sun juya wannan tsari a kife. Sun ɗauki abin da malaman da can suke ɓoyewa, ba don rowa ba sai don sanin haɗarinsa, sun baza shi a faifai kamar tumatir. Yawancin abin da suke yaɗawa tsintar sa suka yi daga Shamsul Ma'arif, littafin da ake jingina wa Ahmad al-Buni, wanda ya rasu wajajen 1225, littafin da malamai suka daɗe suna saɓani a kansa. Ibn Khaldun da kansa, da ya yi bayanin ilimin sirrin haruffa, ya kusanta shi da sihiri. Waɗanda suka yarda da fannin ma ba su taɓa ɗaukar sa abin wasa ba. Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubuce-rubuce a kan hatimai, amma mutum ne da ya yi shekaru yana karatu a gaban malamai, ya ƙware a lissafi da ilimin taurari kafin ya taɓa wannan fage.

Ku tambayi ɗaya daga cikin waɗannan samarin me ya sa ake jan Ya Laɗifu ƙafa 129. Amsar tana cikin hisabi, wato lissafin adadin da aka ba kowane harafin Larabci: lamun 30, ɗa 9, ya 10, fa 80. Idan aka ninka 129 sau 129 sai a sami 16,641, adadin da suke sa yara su ja a dare ɗaya. Ku ƙara tambayarsa ko ya san hisabin Magrib da malaman zaure suka gada ya saɓa da na Gabas a wasu haruffa, har shinun take 1000 a na Magrib, 300 a na Gabas. Mutumin da bai san wannan ba shi ne yake umartar ɗan mutane ya kulle kansa a ɗaki da yunwa da hayaƙi. Kwana bakwai babu isasshen abinci, babu barci, ko lafiyayyen namiji zai fara jin muryoyi, ba sai an kira wani rauhani ba.

Za a ce mini ai wasu sun gwada sun ga buɗi. Ban damu da wannan hujja ba, domin ba a nuna mana waɗanda suka gwada suka ƙare a hannun masu ruƙiyya ko a asibitin ƙwaƙwalwa. Za a kuma ce talauci ne yake tura su. Gaskiya ne, amma talaucin shi ne ya sa cin kuɗinsu ya fi muni. Lokacin da Nana Faɗima ta kai kukan wahalar niƙa ta nemi mai hidima, Annabi (SAW) ya koya mata da mijinta tasbihi 33, tahmidi 33 da kabbara 34 yayin kwanciya barci, ya ce ya fi musu alheri. Ba a ɓoye shi ba, ba a karɓi ko anini ba, kuma washegari ta ci gaba da aikin gidanta. Zikirin da ya shiga rayuwar mutum ana gane shi a mudunsa, a harshensa, a yadda yake yi wa matarsa magana idan ransa ya ɓaci. Zikirin da ya rufe wa mutum shago ya raba shi da mahaifiyarsa ba daga wannan hanya ya fito ba, ko da an cika shi da sunayen Allah.

Ina roƙon muƙaddamai da limaman unguwa su daina kawar da kai. Yaran nan suna da ƙishirwar natsuwa ta gaske, kuma idan ba su sami dattijon da zai zauna da su bayan asuba ba, waya za ta zauna da su. Jiya na bi ta shagon yaron, na tarar ƙaninsa ya buɗe yana ƙoƙarin ƙarasa ɗinkunan mutane da keken aro, mahaifiyarsu kuma tana zaune a bakin ƙofa tana ba masu kaya haƙuri ɗaya bayan ɗaya.